Darasi na Tara: Gyara Lokacin da ke Jikin Saƙo

Wani dattijo ya dawo daga aikin Hajji da sabuwar waya. Da ya iso gida sai ya ga agogonta ya wuce na bango da awa biyu, jikansa ya karɓa ya ja shi baya da hannu, kowa ya ce an gyara. Ranar Alhamis ya aika bijimi kasuwar Maigatari, ya ce wa dillali ya sanar da shi tayi kafin ƙarfe 11. Dillali ya turo saƙon murya da ƙarfe 10 na safe. Da dattijon ya dawo daga gona ya duba, sai ya ga 12:00 a ƙasan saƙon. Saura ƙiris amanar shekaru ta lalace, alhali dillalin bai saɓa alkawari ba.

Abin da jikan bai sani ba shi ne, abu biyu ne a cikin waya da kwamfuta: akwai agogo, akwai kuma yankin lokaci. Rana ba ta fito wa duniya a tare. Sa'ad da ake kiran Asuba a Makka, mu nan muna tsakar barci. Shi ya sa aka raba duniya yanki-yanki, ana aunawa daga agogon GMT, wanda kuke ji a rediyo kullum. Najeriya da Nijar suna gaban GMT da awa ɗaya, rani da damina, ba ma canzawa. Saudiyya tana gabansa da awa uku, wato tana gabanmu da biyu. Gana kuwa tana bayanmu da awa ɗaya.

Saƙon WhatsApp ko imel yana tafiya ne da tambarin lokacin duniya. Idan ya sauka, na'urarka ce take lissafa shi da yankin da take zaton tana ciki. Wayar dattijo har yanzu a Saudiyya take ganin kanta. Ƙarfe 10 na Maigatari ƙarfe 9 ne a GMT, ita kuma ta ƙara uku, ta rubuta 12. Jan agogo da hannu bai taɓa wannan lissafi ba ko kaɗan. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau, domin a nan yawancin mutane suke kuskure, har da wasu masu gyaran waya: yanki ake fara gyarawa, sannan agogo.

A babbar waya, shiga saiti, mai hoton taya mai haƙora. Nemi inda aka rubuta "Date and time". Za ka ga maɓallai biyu da ke barin waya ta ɗauki lokaci da yanki daga layin sadarwa da kanta. Kunna su duka. In ƙauyenku sabis yana wahala, zaɓi yankin da hannunka: nemi Lagos, ka tabbata ka ga GMT+1 a gefensa. Kada ka damu don ba ka ga Kano ko Dutse ba, duk ƙasar agogo ɗaya ne. Mutanen bakin iyaka ma kada su ji tsoro in layin Nijar ya kama wayarsu, lokacinmu da nasu ɗaya.

Kwamfuta mai Windows, irin ta shagon buga takardu ko ofishin ƙungiyar manoma, agogonta yana kusurwar ƙasa ta hannun dama. Danna kansa da maɓallin dama na linzami, ka shiga gyaran lokaci, ka zaɓi layin da ya ce "UTC+01:00 West Central Africa" (agogon UTC daidai yake da na GMT). Akwai wasu layukan masu +01:00 na biranen Turai, ka bar su, domin su suna matsar da agogonsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su sukan zo da yankin ƙasar da suka baro.

Idan ka gyara yau, gobe da aka kunna kwamfutar ta koma wata tsohuwar shekara, to ba saiti ba ne. A cikinta akwai ɗan batiri mai faɗin kwabo, galibi an rubuta CR2032 a bayansa, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. Ya mutu ne, sai a kai wa mai gyara ya canza. Ƙaramar waya mai madannai ma takan manta lokaci in an cire batirinta a wurin mai caji, sai an sake sa mata rana, wata da shekara. A lura da AM, wato daga tsakar dare zuwa tsakar rana, da PM, daga tsakar rana zuwa tsakar dare.

Aikin aji: kowa ya fito da wayarsa ya karanta wa na kusa da shi yankin da ke ciki. Bayan an gyara, ku tura wa juna gaisuwa, ku gwada lokacin da ya fito da na agogon rediyo. Sannan ku rubuta amsar wannan a littafinku: 'yarka da ke Madina ta kira ka da ƙarfe 8 na dare agogonsu, ƙarfe nawa ne a garinku?