Yadda ake shirya shaida, a majami'a da kuma a ƙofar gida

A majami'u da yawa na Arewa, ko ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN, akwai lokacin da mai jagorar sujada kan ce duk mai shaida ya fito. Sau da yawa mutum uku ko huɗu ne suke tashi, kuma kusan su ɗin ne kowane mako. Sauran suna zaune da abin faɗa cike da ciki, sai dai ba su san ta inda za su kama ba. A Luka sura 17 kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne tak ya juyo yana ɗaukaka Allah da babbar murya, shi ma Basamariye. Shaida ita ce wannan juyowar, wato godiyar da aka fito da ita fili. Shi ya sa shirinta yake farawa tun kafin ranar Lahadi.

Ka nemi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane dare kafin addu'ar kwanciya, ka sa kwanan wata, ka rubuta abu biyu ko uku da Ubangiji ya yi maka a yinin. A rubuta su takamaimai. "Allah ya tsare mu" gaskiya ne, amma bayan wata shida ba za ka tuna daga me ya tsare ku ba. Ka rubuta cewa tayar mota ta fashe a hanyar Kafanchan kuma ba wanda ya ji ciwo, ko zazzaɓin yarinya ya sauka a rana ta uku. A bayan littafin ka ware shafuka don roƙe-roƙe, kowanne da ranar da aka fara shi, ka bar gurbi a gefe don ranar da amsa ta zo. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ya rubuta masa, ko ya ɗauki muryarsa a waya. Dalilin wannan wahala ɗaya ne, ɗan Adam mai mantuwa ne. Zabura 103 ta gargaɗi rai kada ya manta da alheran Ubangiji, Sama'ila kuma dutse ya kafa bayan nasara a kan Filistiyawa, ya sa masa suna Ebenezer, don kada abin ya ɓace wa jama'a.

Idan lokacin shaida ya matso, ka buɗe littafin ka zaɓi abu ɗaya. Ɗaya kawai. Mai son ya kwashe labarin shekara guda a tsayuwa ɗaya yakan sauka ba wanda ya riƙe ko guda.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne wanda Bulus ya bi a gaban sarki Agaribas, a Ayyukan Manzanni sura 26: yadda yake a da, abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu, da yadda rayuwarsa ta koma bayan haka. Kai ma ka raba taka uku, amma kada rabon ya zama daidai. Halin da kake ciki a da, jimla uku ko huɗu sun isa. Abin da Allah ya yi shi ne zai ci rabin lokacin ko fiye. Sannan ka rufe da abin da ya sake a gare ka yanzu. Kuskuren da aka fi yi a nan yake: mutum ya share minti goma yana ba da labarin shaye-shayensa na da ko tsananin ciwonsa, har matasa su fara jin daɗin labarin duhun, sannan ya ambaci ceto a jimla ɗaya ya zauna.

Minti uku ya wadatar, wato kalmomi kamar 350. Ka faɗe ta da ƙarfi a ɗaki sau biyu kana duban agogo, sannan ka faɗa wa matarka ko wani amini, ka tambaye shi abin da ya fahimta. In amsarsa ta bambanta da abin da kake nufi, a gyara. Ka sanar da fasto ko sakataren ikkilisiya kafin a fara sujada, domin a wasu wurare dattawa sukan so su ji shaidar tukuna. Da ka karɓi makirufo, gaisuwa ɗaya ta isa. Ba sai ka gai da fasto da dattawa da zumuntar mata da mawaƙa ɗaya bayan ɗaya ba. In za ka yi waƙa, baiti ɗaya.

Akwai abubuwan da ba a faɗa, kuma wannan ya fi duk sauran nauyi, domin magana zarar bunu ce. Kada ka kira sunan wanda kake zargi da yi maka sammu ko ƙeta, ko ka siffanta shi yadda kowa zai gane. Shaidu irin wannan sun raba dangi. Kada ka bayyana ciwon wani, ko matsalar aurenku, sai da yardar wanda abin ya shafa. Kada ka faɗi adadin kuɗin da ka samu ko ranar da za ka yi tafiya, musamman yanzu da ake ɗaukar sujada a waya ana sa wa a Facebook da WhatsApp, masu garkuwa da mutane kuma suna da kunne. Wanda ya tuba daga gidan da bangaskiyarsa za ta iya jawo masa haɗari, ya fara shawara da fasto, ya ba da shaidarsa a ƙaramin taro inda aka ajiye wayoyi.

Kada kuma a ƙara gishiri. In likita ya yi maka aiki ka warke, ka faɗi haka, ka gode wa Allah da ya yi amfani da hannunsa. Cire asibiti daga labarin don ya yi kama da mu'ujiza yana iya sa wani mai hawan jini ya watsar da maganinsa.

Sai ka tuna da masu sauraro. A cikinsu akwai matar da ta shekara goma tana jiran haihuwa, akwai wanda ya binne ɗansa a watan jiya. Idan ka ce Allah ya ba ka domin kana azumi kana fid da zakka, ka gaya musu ke nan cewa laifinsu ne. Bafarisiyen Luka sura 18 ma da godiya ya fara addu'arsa, amma kansa yake yabo. Gwaji mai sauƙi: ka ƙirga sau nawa "ni" da "na yi" suka fito a rubutunka, ka gwada da sau nawa aka ambaci Ubangiji.

Shaida a waje kuwa wani salo ne dabam. Mutumin da Yesu ya fitar wa aljanu a Markus sura 5 ya roƙa ya bi shi, amma Yesu ya mayar da shi gida wurin mutanensa, ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa. A unguwa ko kasuwa ko wurin aiki ba a ba ka makirufo, tambaya ake yi maka. Maƙwabci ya zo barka da arziki, ko gaisuwar rasuwa, ya ce yaya kuka iya daurewa haka. Nan ne wurin. Ka amsa da jimla biyu ko uku, cikin Hausar yau da kullum, ba tare da kalmomin da sai ɗan coci ke ganewa ba, sannan ka yi shiru ka saurara. In ya sake tambaya, ka ci gaba. In ya sauya zance, ka bi shi, zumunci bai yanke ba.

Bitrus ya ce a zauna a shirye don ba da dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da ladabi, a wasiƙarsa ta fari sura 3. A wurinmu, inda Kirista da Musulmi suke aika wa juna abincin Kirsimeti da naman Sallah, ma'anar wannan a fili take. Ka faɗi abin da ka gani a rayuwarka, kada ka taɓa addinin mutum ko abin da yake girmamawa. Kada ka zauna da yaron wani kan zancen bangaskiya ba da sanin iyayensa ba. In ka taimaki mutum da hatsi ko kuɗin magani, kada ka ɗaura taimakon da zuwa coci.

Za a yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, a kan Allah Uku Cikin Ɗaya ko a kan wahalar masu adalci. Kada ka ƙago amsa, kada kuma ka shiga gardama. Makahon Yahaya sura 9, da aka matsa masa, ya ce abu ɗaya ya sani, da shi makaho ne, yanzu yana gani. Ka ce ba ka sani ba, za ka tambayo. Ka kai tambayar wurin fasto ko malamin nazarin Littafi Mai Tsarki a cikin makon, ka rubuta sunan mai tambayar a shafin roƙe-roƙenka, sannan ka koma masa da amsar a ranar da ka ce za ka koma.