Yadda ake tsirar da kalwa a reni ɗorawa

Duk shekara sai na ga matasa sun binne kalwa a leda, suna ta ban ruwa har wata guda, ba abin da ya fito sai ɗaya-ɗaya. Sai su ce irin ne ba kyau. Lafiyar irin ƙalau, ɓawonsa ne mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi.

Kar ka sayi kalwar kasuwa don shuka. Ba ka san uwarta ba, wata ma ta shekara a buhu ƙwari sun huda ta. Je ga bishiyar da ka san tana 'ya'ya sosai, da bazara wajen Afrilu, ka samo busassun. Ka ɓare, ka wanke garin nan rawaya tas, ka shanya a inuwa.

Sai maganar ɓawo, inda na taɓa yin asarar kwano guda. An ce mini ruwan zafi, na ɗora kalwar a wuta kamar yadda masu daddawa ke yi, ta dahu, ko ɗaya ba ta tsiro ba. In ruwan zafin za ka yi, tafasa ruwan shi kaɗai, ka sauke, ya ɗan huce, sannan ka zuba kalwar ta kwana a ciki. Amma ni na fi yarda da yanka. Ɗauki abin yanke farce, ka ɗan gutsiri ɓawon ta gefen da ke nesa da idon kalwar, daidai yadda za ka hango cikin. In ka zurfafa ka ji wa ƙwayar ciwo. Sai ka jiƙa a ruwan sanyi kwana 1. Da safe wadda ta kumbura ita za ka shuka, sauran ka ƙara musu kwana. Akwai cin lokaci, amma mai son bishiya 20 ba ya buƙatar fiye da hantsi ɗaya.

Ledar reno ta zama doguwa, domin saiwar ɗorawa ƙasa take nutsawa. Ledar ruwan sha arha ce, sai dai saiwar na nannaɗewa a cikinta. Ka haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka binne kalwar kamar zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako 2 za ka ga tsiro.

Ka dasa in damina ta zauna, tazarar mita 10 ko fiye, ka yage ledar ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Ka kewaye da ƙaya tun ranar, don awaki ba sa barin ɗorawa ƙarama, kuma da rani ka share ciyawar gindinta saboda gobarar daji.