Yadda ake ɗibar naman ƙarin ƙoda da allura don a gane ko mene ne

Ciwon kwiɓi ne ya kai kawuna wani asibiti a Jidda, duk muna zaton tsakuwa ce. Da aka ɗora masa sonar, wato na'urar hoton ciki, sai ga ƙari mai santimita 3 a ƙodar hagu. Kafin isha'i 'yan'uwa a Makka sun yanke cewa kansa ce. Alhali a cikin ƙananan ƙari da ba su wuce santimita 4 ba, kusan ɗaya cikin biyar ba kansa ba ne, kuma hoto ba kullum yake iya bambancewa ba. Nan ne ake bukatar gwajin allura, wanda za ka ji ma'aikatan asibiti a nan suna kira khaz'a.

Da farko ka tambayi likita me sakamakon zai canza. Idan mutum matashi ne mai ƙarfi, kuma ko ta yaya za a cire ƙarin, sau da yawa tiyata ake wucewa kai tsaye. Ƙari mai kama da jakar ruwa ma ba a cika soka masa allura ba. Gwajin ya fi amfani ga dattijo, ga mai ƙoda ɗaya, ga wanda za a ƙone ko a daskarar masa da ƙarin, da kuma inda ake zargin limfoma (wata irin kansar jini), ko mugunya, ko kansar da ta taso daga wata gaɓa.

Sai shiri, kuma a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Ƙoda gaɓa ce mai yawan jini, don haka za a yi maka tahlili, wato gwajin jini, a ga ko jininka na daskarewa yadda ya kamata, a kuma tabbatar hawan jini bai yi sama ba. Ka zuba duk magungunanka a leda ka kai wa likita, har na gargajiya. Asfirin, wafarin da kilofidogirel suna tsinka jini. Likita ne zai faɗi ranar da za a tsayar da su, kada mai ciwon zuciya ya tsayar da su ba da izinin likita ba. Kawu bai ambaci asfirin ba, don a wurinsa ba magani ba ne, "'yar ƙwayar safe" ce. Ranar mau'idi, wato ranar da aka ba mu ta gwajin, aka gano, aka ɗaga mu mako guda. Idan Larabcinka na kasuwa ne, ka tafi da wanda zai yi maka tafinta. Ka kuma tambaya tun awa nawa za ka daina cin abinci.

Ranar gwajin za ka kwanta rub da ciki ko ta gefe. A goge bayanka da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi maka banji, wato allurar kashe zafi, a wurin kawai, kana farke. Likita na kallon ƙodar a allon sonar ko na'urar CT, ya zura siririn bututu har bakin ƙarin, ta cikinsa allurar ke shiga ta ɗebo nama kamar zare, aƙalla sau biyu. Bututun na hana naman ƙarin gogar hanyar da aka bi, shi ya sa tsoron nan na "allura za ta watsa kansar" abu ne da da wuya ya faru.

Aikinka ɗaya ne: riƙe numfashi. Ƙoda na hawa da sauka tare da numfashi, to in aka ce ka tsaya, ka tsaya cak. Allurar kuma tana yin ƙara "ƙas!" kamar tarkon ɓera. Da daddare na sa kawu ya gwada riƙe numfashin a gida.

"Kawu, ku ja numfashi kaɗan, ku riƙe har na ƙirga goma."

"Kai ɗan nan, ni da na yi nutso a Kogin Sakkwato kake koya wa riƙe numfashi?"

Duk da haka da ya ji ƙarar sai da ya zabura.

Bayan an gama za ka kwanta wasu awanni ana auna jininka ana duba fitsari, galibi a sallame ka ran nan. Fitsari ya ɗan yi ja kwana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Amma gudan jini, ko fitsari ya ƙi fita, ko jiri, zazzaɓi, ko ciwon da ke ƙaruwa, a koma ɗawari'i, wato sashen gaggawa na asibiti, nan take. Kamar mako guda ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ko jarkar zamzam ce, kuma a ɗaga Umra, cunkoson ɗawafi ba na mai sabon huji a baya ba ne.

Sakamako kan ɗauki kwanaki. Wani lokaci naman da aka ɗebo ba ya isa a yanke hukunci, wannan kuwa ba ya nufin babu komai, maimaitawa ake yi. Na kawu ya fito onkosaitoma, ƙari marar illa. Sai dai likita ya ce yana iya kama da wata irin kansar ƙoda a madubin gwaji, don haka ya rubuta masa hoto bayan wata 6.