Yadda Ake Gane Tsohon Gicciyen Diyya a Bakin Hanya a Jamus

Mai yawo a ƙauyukan Bavaria ko Saxony yakan ci karo da wani guntun gicciye na dutse a gefen hanya, ya karkace, gindinsa ya nutse cikin ƙasa. Yawancinsu ba kabari ba ne. Jamusawa na kiransu Sühnekreuz. Daga ƙarni na 13 zuwa na 16, idan mutum ya yi kisa, akan sasanta shi da dangin mamaci: ya biya diyya, ya ɗauki nauyin addu'o'i a coci, wani lokaci ya yi tattaki zuwa Roma ko Aachen, sannan ya kafa dutse a inda jinin ya zuba. Da dokar Sarki Charles na 5, mai sarautar Jamus a lokacin, ta fito a 1532, shari'ar kisa ta koma hannun hukuma, al'adar ta soma gushewa.

Da farko, dubi girmansa. Irin wannan gicciye gajere ne, da wuya ya wuce ƙirjin mutum, an sassaƙa shi daga dutse guda, aikin kuma ba mai ado ba. Idan ka ga dogon rubutu da shekara a fili, to mai yiwuwa na baya-bayan nan ne.

Sai ka nemi zane a jikinsa: takobi, gatari, wuƙa, ko baka. Ana ganin makamin da aka yi kisan ne, ko kayan sana'ar mamacin. Je da sassafe ko da la'asar, lokacin da hasken rana ke zuwa ta gefe. Zanen da ya ɓace maka da tsakar rana sai ya fito sarai. Ɗauki hoto ta kowace fuska, ka rubuta inda yake.

Kada ka kankare gansakuka da burushin ƙarfe, kada ka bi zanen da alli. Masu kyakkyawar niyya sun ɓata duwatsu da haka.

Daga nan duba ko yana cikin rajistar kayan tarihi. Kowace jiha da dokarta ta kare kayan tarihi. Ta Bavaria tun 1973 take, kuma akwai taswirar kayan tarihinta, Denkmal-Atlas, a intanet. Idan babu shi a ciki, ko ka tarar ya faɗi, kai rahoto ofishin kula da kayan tarihi na gundumar. Ko mai gonar da dutsen ke cikinta ba ya matsar da shi sai da izininsu.