Kurakuran da ke mayar da cunkoson gidan haya cuta

A unguwanni irin su Kurna da Fagge da Birget a Kano, iyalai da yawa suna kwana a ɗaki guda, uba da uwa da 'ya'ya, saboda tsadar haya ta hana su sauya gida. Ba a raba wannan cunkoso dare ɗaya, amma akwai kurakuran da ke ƙara masa illa, kuma gyaransu yana hannun mai gida da 'yan haya.

Mafi muni shi ne toshe iska. Mai gida yakan cike tsakar gida da sababbin ɗakuna har taga ta fuskanci bango, ɗan haya kuma ya liƙe wadda ta rage da kwali ko leda don gudun sauro da ƙurar hunturu. Alhali sanƙarau da ƙyanda da tarin fuka da mashaƙo duk ta numfashi suke yaɗuwa, kuma ɗakin da iska ba ta ratsa shi nan suka fi samun wurin zama. Sanƙarau ta 1996 ta kashe mutane fiye da 11,000 a Najeriya, galibinsu a Arewa, mashaƙon 2023 kuwa Kano ya fi yi wa ɓarna. Abin da ya dace shi ne a sa wa taga raga a bar ta a buɗe, a kuma kammala wa yara allurar rigakafi. Kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, ko kunna janareta a soro, yana kashe mutane cikin barci, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari.

Rijiya kusa da masai ita ma babbar matsala ce. Ana son tazarar kusan mita 30 tsakaninsu, abin da ƙaramin fuloti ba ya bayarwa, don haka da damina ƙazanta kan tsiyaya cikin ruwan sha, kwalara ta biyo baya. Inda babu wannan tazara, a tafasa ruwan ko a sa masa sinadarin kulorin, a rufe bakin rijiyar, a rataye guga guda na kowa da kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye tari don gudun tsangwama ko sallama daga gida. Duk tarin da ya kai mako 2 a je a gwada shi; gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan maganin wata 6 ba tare da yankewa ba, kuma a duba waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da majinyacin.