Yadda ake dawo da yankakken layi a akwatin bayanin giraf idan an rage girman rubutu

Ɗaliban Kaduna da ke haɗa kundin bincike, ko a Kadpoly ko a Jami'ar Jihar Kaduna, yawancinsu baƙi da fari suke buga aikinsu a shagunan bakin makaranta, don mai launi akwai tsada. Takarda na fitowa daga firinta, ja da shuɗi da kore duk sun koma toka-toka. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne sigar layukan: wannan miƙaƙƙe, wancan yankakke, na uku gaɓa da ɗigo.

A ce ka zana ruwan saman Kaduna da Zariya da Kafanchan a Matplotlib, manhajar zane ta Python da John Hunter ya fara a 2003. Akwatin bayani (legend), wanda ke nuna layin kowane gari da sunansa, ya hau kan tudun watan Agusta, sai ka rage rubutunsa zuwa 6. Kana dubawa ka tarar layukan cikin akwatin sun zama guntaye, ba a iya bambanta mai gaɓa da ɗigo daga miƙaƙƙe.

Da farko ka fahimci inda matsalar take. Tsawon ɗan layin cikin akwati ana auna shi ne da girman rubutu. Manhajar na zuwa da handlelength, saitin tsawon wannan ɗan layi, a kan 2, wato ninki biyu na rubutun. Rubutu 10 na ba da layi mai foyin 20, foyin ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. Ka mayar da rubutu 6, layi ya koma 12. Amma gaɓoɓin layin ba ruwansu da rubutu. Tun fitowar Matplotlib 2.0 a 2017 kaurin layi suke bi, shi ya sa ba sa ƙanƙancewa tare da akwatin.

Sai ka ɗauki biro ka yi lissafi, ba shi da wuya. Layi mai gaɓa da ɗigo tsarinsa 6.4, 1.6, 1, 1.6 ne, wato gaɓa, giɓi, ɗigo, giɓi, ana ninka kowanne da kaurin layi, wanda ke zuwa a kan 1.5. Gaɓar farko ta ci 9.6, giɓin bayanta 2.4. Haɗa su, 12 cif. Wurin ya ƙare ke nan tun ba a zo kan ɗigo ba, alhali zagaye ɗaya na bukatar 15.9. Yankakken layi, mai tsarin 3.7 da 1.6, ya kan tsira a wannan kauri. To amma mai son layi ya fito rangaɗau ya sa kauri 3, gaɓa ɗaya ta zama 11.1, ta kusa cinye wurin baki ɗaya, sai a ɗauka miƙaƙƙe ne.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne ka tsawaita layin da hannunka:

ax.legend(fontsize=6, handlelength=5)

Biyar sau shida talatin, ya kusa zagaye biyu. Ni a ganina kada ka tsaya a zagaye ɗaya, ido sai ya ga tsari ya maimaitu kafin ya yarda da shi.

Idan akwatin ya yi faɗi da yawa, bi ta ɗaya ɓangaren, ka sirantar da layukan cikinsa kaɗai, na kan giraf su zauna yadda suke:

leg = ax.legend(fontsize=6, handlelength=3)
for layi in leg.get_lines(): layi.set_linewidth(1)

Da kauri 1 zagayen ya sauka zuwa 10.6, wurin kuma 18 ne. Akwai kuma damar ƙirƙirar gajeren tsari naka tun wurin zane, kamar linestyle=(0, (3, 1, 1, 1)), wanda zagayensa foyin 9 ne kawai a kauri 1.5.

Mai giraf da yawa a babi na huɗu, ya rubuta plt.rcParams['legend.handlelength'] = 4 sau ɗaya a saman fayil ya huta.

Kada ka ɓata lokaci wajen ƙara dpi, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci. Hoton zai yi kyau, amma da rubutu da gaɓa duk da foyin ake auna su, tare za su tashi, ɗigon nan ba zai bayyana ba.

Sannan gaskiya rubutu 6 ya yi ƙanƙanta a takardar A4, musamman ga malamin da zai duba kundi bayan kundi da tabarau a hanci. In da hali, bar shi a 8, ka fitar da akwatin waje gaba ɗaya:

ax.legend(fontsize=8, handlelength=4, loc='upper left', bbox_to_anchor=(1, 1))

Wurin adanawa ka ƙara bbox_inches='tight' a savefig don kada a datse akwatin. Kafin ka biya kuɗin buga kundin duka, ba mai shago shafi ɗaya ya fitar maka, ka rufe giraf ɗin da tafin hannu ka gani ko za ka iya bambanta layukan uku daga akwatin kaɗai.