Kurakuran da Ake Ta Yi wa Kunne da Idon Yara

Na gaji da ganin sababbin iyaye suna faɗawa rami ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta.

Babban laifin shi ne raina ruwan kunne. Yaro ya yi mura, ya kwana biyu da zazzaɓi yana jan kunne yana tsala ihu, sai a wayi gari mugunya ta ɓata matashin kai, kuka ya tsaya, kowa ya ce alhamdu lillahi, ya fashe. To, dodon kunne ne fa ya huje. Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne. Ta yaro gajera ce, kuma a kwance take, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke saurin haurawa in ana mura. Sau da yawa hujin kan rufe da kansa, amma in ruwan ya haura mako biyu yana zuba, ciwo ya samu wurin zama, kuma a hankali yake cinye ji.

Ɗan yayata haka aka yi ta cewa zai bari in ya girma, ana cusa masa auduga. Sai da ya shiga makaranta, ya sha bulala wai kunnen ƙashi gare shi, kafin a gane na hagun ya kusa mutuwa. Har yau sai ya karkato da kunnen dama yake sauraron mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara abu ne da za a iya kauce masa. Don Allah a daina toshe kunne mai ruwa! Ni dai nakan murza tishu mai tsabta kamar lagwani, in sa a bakin kunnen ya tsotse, in yi ta canjawa har ya fito a bushe, sau uku a rana. Ba na bari ruwan wanka ya shiga, kuma likita sai ya leƙa. In bayan kunnen ya kumbura, ko cikin dare ne sai asibiti.

Sakace kunne da tsinke ko ɗan sandan auduga kuwa, tura dauɗar ciki kawai yake yi. A goge waje, ita da kanta take fitowa. In ɗan batirin agogo ne ya shige, kada a ɗiga komai, a ruga da shi.

Na biyun da ke tafasa mini zuciya shi ne aron maganin ido. Idon yaro ya yi ja, sai a lalubo ragowar kwalbar wani a ɗiga. Washegari ido ya washe, a ce magani ya ci. Ai da yawa daga cikin masu saurin kashe ja da ƙaiƙayin nan sitiroyid ne a ciki, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi. In akwai ƙurji a baƙin ido, ƙara masa zurfi suke yi, in kuma aka daɗe ana ɗigawa sai hawan jinin ido ko yanar ido su biyo baya, kuma jijiyar gani in ta mutu ta mutu ke nan. Wa ya duba idon kafin ki ɗiga? Ni kwali nake karantawa: in na ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, sai da takardar likita. Kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe kuwa, shara.

Ruwan nono ba maganin ido ba ne. Jaririn da bai cika wata ba, ido ya kumbura yana fitar da kwantsa mai kauri, zai iya makancewa cikin 'yan kwanaki.

Harara-garke da ya wuce wata shida ba a jira ya daidaita. Ƙwaƙwalwa watsi take yi da idon da ya karkace, kuma gyaran ya fi kamawa kafin shekara 7. Fari a tsakiyar baƙin ido, ko da a hoto aka gan shi, yana iya zama yanar ido ko ciwon daji. Dundumi, musamman bayan ƙyanda, alamar ƙarancin bitamin A ce. Tabarau kuma ba sa kashe ido, a bar yaro ya sa abinsa.

Wanda ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, kafin a ce nauyin baki ne, a fara auna jinsa a asibiti. Tafawa a gabansa ba gwaji ba ne, hannuwan yake kallo.